Walter Mittelholzer: Baturen Da Ya Ɗauki Hoton Kano Daga Sama

An haifi Walter Mittelholzer a garin St. Gallen na ƙasar Suwizalan ran 2 ga watan Afrilu, 1894. Ɗan mai gasa burodi ne, amma sana'ar ɗaukar hoto ya koya. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shiga soja, inda ya iya tuƙin jirgin sama. Tun daga nan ya haɗa sana'o'in nan biyu, bai sāke raba su ba.

Da fari duwatsu da garuruwan ƙasarsu ya riƙa ɗauka daga sama. Da hannunsa ya faɗa, sai ya fuskanci Afirka. Ya tashi daga Zurik a ƙarshen 1926, ya sauka Cape Town a 1927. A watan Janairu na 1930 ya zama mutum na farko da ya ƙetare dutsen Kilimanjaro a jirgi. Bai tsaya ga hoto kaɗai ba, ya riƙa haɗa shi da fim da littattafan labarin tafiye-tafiyensa.

A tafiyarsa ta zuwa Tafkin Cadi, tsakanin 1930 da 1931, ya ratsa Sahara ya ya da zango a Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Hotunan da ya ɗauka sun nuna birnin yadda mazaunansa ba su taɓa ganinsa ba, watau soraye na ƙasa da lunguna da kududdufai, duk a shimfiɗe kamar tabarma. A wancan zamani bayan ganuwa, wajen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, gonaki ne da 'yan ƙauyuka, ba cunkoson gidajen da ake gani yanzu ba.

Ya zama ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin Swissair a 1931. Ya rasu ran 9 ga watan Mayu, 1937, wajen hawan dutse a Ostiriya, yana da shekara 43.

Masana sun soki yadda ya ɗauki mutanen Afirka abin kallo, irin na Turawan zamanin mulkin mallaka. Duk da haka hotunansa, waɗanda ke ajiye a laburaren jami'ar ETH ta Zurik, kuma ana samunsu a intanet, sun zama shaida. Yau da gine-gine suka cinye badala da kududdufai da yawa, ɗalibi ko ma'aikacin tsara gari da ke son sanin abin da Kano ta yi asara, sai ya koma gare su.