Antonio Vivaldi, malamin gogen marayu

An haifi Antonio Vivaldi a shekara ta 1678 a Veniz, wani birnin ƙasar Itali inda ake yawo cikin kwale-kwale. Ubansa wanzami ne, kuma yana kaɗa biyolon, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Tun yana ƙarami Antonio ya iya kiɗan.

A 1703 ya zama limamin coci, amma ciwon ƙirji ya hana shi wannan aiki. A shekarar aka ɗauke shi malamin goge a gidan marayu na Piyeta. Yawancin ƴan matan gidan an yar da su ne tun suna jarirai. Vivaldi ya koya musu goge, ya tsara musu kiɗe-kiɗe masu wuya. Suka gwanance, har baƙi na zuwa daga ƙasashe masu nisa don su saurare su. Amma ba a ganinsu sosai, domin a bayan ragar ƙarfe suke kiɗa.

Ya tsara kiɗe-kiɗe sama da 500. Da ya tsufa, mutanen Veniz suka daina yayinsa. Ya tafi Viyen neman aiki, ya rasu can cikin talauci a 1741. Sai a 1926 aka gano tarin takardunsa.