Alhaji Alhassan Ɗantata da Cinikin Gyaɗa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ɗan ba ku tarihin wani bawan Allah, attajirin birnin Kano, watau Alhaji Alhassan Ɗantata.

An haife shi a Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, mafatauta. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana yaro, wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi, daga nan sunan ya samo asali. Da ya tasa sai ya shiga fataucin goro zuwa Gwanja, har ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai gyaɗa ta yi daraja. Alhassan ya zauna a birni, a 1918 ya zama mai saya wa Kamfanin Neja gyaɗa. A 1929 Kamfanin Neja ya haɗe da wani babban kamfani, aka sami UAC. Manyan kamfanonin Turawa kuwa sukan haɗa baki su yanke farashi ɗaya, manomi ba shi da wurin da zai kai kayansa a ƙara masa ko anini.

To, a nan ne nake ganin darasin yake. Malamanmu sun daɗe suna hana ɓoye abinci don ya yi tsada. Wani masani ɗan Birtaniya, Adam Smith, ya nuna a 1776 cewa 'yan kasuwa masu sana'a ɗaya in sun haɗa kai, yawanci jama'a ke shan wuya. In masu saye sun yi yawa, kowa na neman kaya, manomi ne ke cin riba. In mai saye ɗaya ne, sai abin da ya ga dama.

Alhassan bai tsaya a yaron kamfani ba. A shekarun 1950 ya sami lasin sayen gyaɗa da sunan kansa, ya shiga sahun Turawa yana gogayya da su. Ya rasu ran 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a unguwar Sarari.

Sai a 2019 aka sa hannu a kan dokar tarayya mai hana 'yan kasuwa haɗa baki a kan farashi. Ni dai a ganina, ya kamata duk ɗalibin da ke sha'awar kasuwanci ya san wannan tarihi. Allah ya jiƙansa, amin.