Salmanul Farisi (RA): Gwamnan da ya ci da saƙar hannunsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Da yawanmu muna fita tun assalatu, ba mu komawa gida sai yara sun yi barci, kuma muna cewa domin su muke yi. Tarihin Salmanul Farisi, Allah Ya ƙara masa yarda, zai sa mu sake auna wannan magana.

An haifi Salmanu a ƙasar Farisa, a ƙauyen Jayyu kusa da Isfahan. Mahaifinsa shi ne mai garin, ga dukiya ga gonaki, shi kuwa Salmanu an ɗora masa kula da wutar da suke bautawa. Ya bar wannan daula ya tafi neman gaskiya, ya zauna da malaman Nasara a Sham, da Mausil, da Nasibin, da Amuriyya. Malaminsa na ƙarshe ya ba shi labarin Annabin da ya kusa bayyana a ƙasar Larabawa. A hanya fatake suka ci amanarsa suka sayar da shi, har ya zama bawan wani mutumin Banu Ƙuraiza a Madina, yana aikin dabino. Can ya sadu da Manzon Allah (SAW) ya musulunta.

Salmanu ya san abin da aiki ke hana mutum, domin bauta ce ta hana shi halartar Badar da Uhudu. Sai da ya fanshi kansa da dashen dabino 300 da uƙiya 40, Annabi (SAW) da sahabbai suka taimaka masa. A shekara ta 5 bayan Hijira, shi ne ya ba da shawarar haƙa gwalalo don kare Madina a yaƙin Ahzab.

Annabi (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsa da Abu Darda'i. Bukhari ya ruwaito cewa wata rana Salmanu ya kai masa ziyara, sai ya tarar da Ummu Darda'i cikin tsofaffin tufafi, ba ta kula da kanta. Da ya tambaya, ta shaida masa cewa mijinta ba ruwansa da duniya. Abu Darda'i ya kawo abinci alhali yana azumin nafila, Salmanu ya ƙi ci har sai da suka ci tare. Da dare ya yi, sau biyu mai gida yana tashi salla Salmanu yana mayar da shi barci, sai a ƙarshen dare suka tashi suka yi tare. Sannan ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, haka ransa, haka iyalinsa, kuma wajibi ne kowanne ya samu nasa. Da maganar ta kai ga Annabi (SAW), sai ya gaskata Salmanu.

Mu lura, 'yan'uwa: abin da ya ɗauke Abu Darda'i daga matarsa ibada ce, amma duk da haka aka gyara masa. To ina ga wanda shago ko ofis ya ɗauke?

A zamanin Sayyidina Umar, Salmanu ya zama gwamnan Mada'in, tsohon birnin sarakunan Farisa. An ruwaito cewa rabonsa daga baitulmali dirhami 5,000 ne, amma yakan rabar da shi. Abin da yake ci daga saƙar ganyen dabino yake fitowa: ya sayi ganye na dirhami ɗaya, ya saƙa ya sayar dirhami uku, ya mayar da ɗaya jari, ya ciyar da iyali da ɗaya, ya yi sadaka da ɗaya. An kuma taɓa samun sa yana kwaɓa gari da kansa, domin ya aiki hadiminsa, kuma bai so ya haɗa masa aiki biyu ba.

Ya rasu a Mada'in a ƙarshen halifancin Sayyidina Usman. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya je duba shi ya same shi yana kuka, yana tsoron ya wuce guzurin matafiyi da Annabi (SAW) ya yi musu wasiyya da shi. Da aka lissafa abin da ya bari, dirhami ashirin da 'yan kai ne.

Salmanu bai bar sana'a ba, buƙatarsa ya yi wa iyaka. Mu kuwa sau da yawa sabuwar waya, da kayan biki, da gasar gini ne ke tilasta mana ƙarin awoyi da cin bashi. Wanda talauci ya tsare a wurin nema yana da uzuri da lada. Amma wanda ya samu abin da zai ishe shi, ya kamata ya sa wa kansa lokacin rufe shago, ya ci tuwon dare da iyalinsa, ya saurari karatun yaransa, kuma ya sallami yaran shagonsa da wuri, domin su ma ana jiran su a gida.

Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya sanya albarka a cikin nemanmu da iyalanmu. Amin.