Warren S. Johnson

Warren Seymour Johnson (6 ga Nuwamba, 1847 – 5 ga Disamba, 1911) malamin makaranta ne, mai ƙirƙire-ƙirƙire kuma ɗan kasuwa ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da ƙera na'urar daidaita zafin ɗaki mai aiki da lantarki a shekarar 1883, da kuma tsarin da ya ba kowane ɗaki a babban gini damar samun nasa gwargwadon ɗumi. Shi ne ya kafa kamfanin da a yau ake kira Johnson Controls. Dabarar da ya bi, wato a auna zafi a inda mutane suke zaune sannan a aika saƙo zuwa inda ake hura wuta, ita ce har yanzu tushen yadda ake haɗa na'urorin ɗumama gida da sanyaya shi.

Farkon rayuwa

An haifi Johnson a garin Leicester da ke jihar Vermont, a arewa maso gabashin Amurka. Yana ƙaramin yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa Wisconsin, wadda ba ta daɗe da zama jiha ba, domin a 1848 aka ba ta wannan matsayi. A can ya girma. Bai yi dogon karatu a makaranta ba, yawancin iliminsa na kimiyya da kansa ya neme shi. A ƙuruciyarsa ya yi aiki a maɗaba'a, ya yi awon filaye, ya koyar, har ya kai ga zama mai kula da makarantu.

A shekarar 1876 ya sami aikin koyarwa a kwalejin horon malamai ta jiha da ke garin Whitewater, wadda a yanzu ta zama Jami'ar Wisconsin reshen Whitewater. Daga baya aka naɗa shi farfesan kimiyya. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a lokacin shi ne lantarki.

Matsalar ɗumama azuzuwa

Hunturun Wisconsin mai tsanani ne, ana yin watanni ruwa yana daskarewa. Ana ɗumama ginin kwalejin ne da tanderu da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa, iska mai zafi tana hawa ta bututu zuwa azuzuwa. Kowane bututu yana da murfi da ake buɗewa ko rufewa da hannu. Mai kula da tanderun ba shi da hanyar sanin halin da ake ciki a sama, sai ya riƙa zagayawa aji-aji yana duba ma'aunin zafi, sannan ya sauka ya gyara murafan. Wannan zagaye yana katse darasi, kuma kafin ya dawo wani ajin ya yi zafi da yawa, wani kuma sanyi ya kama ɗalibai. Johnson ya ga cewa wuta ba ta gaza ba, labari ne ba ya isa ga mai wutar a kan lokaci.

Na'urar 1883

Maganin da ya samo ya dogara ne da wata ɗabi'a ta ƙarfe. Kowane ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi, amma wani ya fi wani saurin miƙewa. Idan aka manne siraran falle biyu na ƙarfe iri dabam-dabam, sai fallen ya lanƙwasa gefe guda idan zafi ya ƙaru, ya koma ɗaya gefen idan ya ragu. Johnson ya naɗe irin wannan falle, ya haɗa shi da makunni mai zaiba a ciki. Da zarar zafin aji ya wuce iyaka ko ya yi ƙasa da ita, sai motsin fallen ya sa zaibar ta haɗa layin lantarki, ƙararrawa ta kaɗa a ƙasa, mai tanderu ya san lokaci ya yi da zai taɓa murfi.

Ya sami takardar haƙƙin mallakar wannan ƙirƙira a 1883. Sunan da ya ba ta yana nufin abin duba zafi daga nesa ta hanyar lantarki. Ba shi ne ya fara tunanin na'urar daidaita zafi ba. Tun wajejen 1620 Cornelis Drebbel ɗan Holan ya yi amfani da zaiba wajen daidaita zafin akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, kuma a 1830 Andrew Ure ɗan Sikotilan ya ƙera wata mai falle biyu na ƙarfe. Sabon abin da Johnson ya kawo shi ne raba wurin awo da wurin wuta, ya haɗa su da waya.

Kafa kamfani

A shekarar 1883 ɗin Johnson ya bar koyarwa ya koma birnin Milwaukee. A can ya sami jari daga William Plankinton, ɗan gidan wasu attajirai masu sana'ar sarrafa nama. A 1885 aka yi wa kamfanin rajista da sunan Johnson Electric Service Company. Plankinton ya zama shugaba, Johnson kuwa mataimakin shugaba kuma ma'aji. A 1902 aka taƙaita sunan zuwa Johnson Service Company.

Tsarin iska mai matsi

Na'urar farko gargaɗi kawai take yi, har yanzu sai mutum ya tashi ya juya murfi. Johnson ya so a ce na'urar da kanta za ta yi aikin. Matsalar ita ce fallen ƙarfen ba shi da ƙarfin da zai juya babban bawul. Sai ya koma ga iska mai matsi. A sabon tsarin, famfo yana tara iska a tanki, ƙananan bututu suna kai ta ko'ina a ginin. Aikin fallen da ke bangon ɗaki shi ne toshe wata 'yar ƙaramar kafa da iska ke fita ta ciki, ko ya buɗe ta. Wannan ɗan canji yana motsa wata na'ura da ke sakin iska mai ƙarfi, ita kuma ta buɗe ko ta rufe bawul na tururi ko na ruwan zafi, ko murfin bututu. Da haka ƙaramin motsi yake sarrafa babban aiki.

Ya sami haƙƙin mallakar wannan tsari a 1895. Amfaninsa shi ne kowane ɗaki yana da na'urarsa, saboda haka ɗakin da rana ke bugawa ba ya samun zafi daidai da wanda ke cikin inuwa, kuma ba a ƙona makamashi a banza. An saka tsarin a makarantu, asibitoci, otal-otal da ofisoshi, har da ginin majalisar dokokin Amurka a Washington da kasuwar hannun jari ta New York. Irin wannan tsari ya ci gaba da aiki a manyan gine-gine har bayan tsakiyar ƙarni na 20, kafin na'urorin zamani masu aiki da kwamfuta su fara maye gurbinsa.

Sauran ƙirƙire-ƙirƙire

Johnson bai tsaya ga harkar zafi kaɗai ba. Ya yi amfani da iska mai matsi wajen juya hannayen manyan agogunan hasumiya, ciki har da na zauren birnin Milwaukee da na Philadelphia. Kamfaninsa ne ya yi babban agogon furanni na bajekolin duniya da aka yi a St. Louis a 1904.

Ya kuma shiga neman hanyar aika saƙo ba tare da waya ba, ya kafa kamfanin American Wireless Telegraph Company. Abin da suka nuna a bajekolin Paris na 1900 ya sami lambar yabo, amma gwaje-gwajen da suka yi a kusa da Milwaukee ba su kai ga nasara ba. Lee de Forest, wanda daga baya ya shahara a tarihin rediyo, ya yi aiki tare da shi na 'yan watanni. Haka nan kamfanin ya ƙera motoci, da farko masu tafiya da tururi, daga baya masu shan fetur, kuma an yi jigilar wasiƙu da wasunsu a Milwaukee. Jimilla ya sami haƙƙin mallakar ƙirƙire-ƙirƙire fiye da 50.

Mutuwa

Johnson ya mutu a birnin Los Angeles ranar 5 ga Disamba, 1911, yana da shekara 64, sanadiyyar ciwon ƙoda. A 1912 Harry W. Ellis ya karɓi shugabancin kamfanin. Ya yi watsi da harkar motoci da sauran rassa, ya mayar da hankali ga daidaita zafin manyan gine-gine, wato aikin da Johnson ya faro a aji.

Abin da ya bari

Kamfanin ya ɗauki sunan Johnson Controls a 1974. A 2016 ya haɗe da kamfanin Tyco, hedikwatarsa ta koma birnin Cork na ƙasar Ireland. A 2008 ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka ta sanya tsarinsa na 1895 cikin muhimman abubuwan tarihi na fannin.

Na'urorin gidaje sun fi bin wani reshe na tarihin. A tsakiyar shekarun 1880 Albert Butz ya ƙera a Minneapolis wata na'ura da ke ɗaga murfin tanderun gida da kanta, kuma daga harkar da ya fara ne, bayan haɗewar kamfanoni a 1927, aka sami kamfanin da ake kira Honeywell. A farkon ƙarni na 20 aka fara haɗa irin waɗannan na'urori da agogo, domin a rage zafi da dare a ƙara shi da asuba. Wannan shi ne asalin na'urar da ake tsara mata lokaci a yau.

Duk da haka, fasalin aikin bai bar inda Johnson ya sa shi ba. A yawancin gidajen Amurka da Kanada, na'urar da ke bango ba ta ɗauke da wutar da injin ke ci. Makunni ce kawai mai aiki da ƙaramar wuta ta bolt 24 da ke fitowa daga taransifoma. Wayar da aka yi wa alamar R ce ke kawo wutar. Idan na'urar ta haɗa R da W sai injin ɗumama ya tashi, idan ta haɗa R da Y sai na sanyaya ya tashi, G kuma ta fanka ce. Na'urori masu allo da masu hawa intanet sukan buƙaci ƙarin waya mai alamar C domin su sami wuta a kowane lokaci. Shi ya sa masu aikin sukan kashe wuta tukuna, su yi wa kowace waya alama da harafin ramin da aka ciro ta, ba su dogara da launinta kaɗai ba. Ana kafa na'urar a bangon cikin gida, tsayin kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da hasken rana, taga da murhu, domin abin da take aunawa ya zama ainihin zafin da mutane ke ji.

An daina sa zaiba a sababbin na'urori saboda guba ce, kuma a ƙasashe da dama ana tattara tsofaffin a wurare na musamman maimakon a zuba su a shara. Ƙaramin ma'aunin lantarki ya maye gurbin fallen ƙarfe a yawancinsu, amma saƙon da ke tafiya daga bangon ɗaki zuwa injin shi ne dai wanda ƙararrawar Johnson ta fara kaiwa a Whitewater.