James Murray: Ɗan Tela Da Ya Ƙare Rayuwarsa Wajen Farautar Ma'anar Kalmomin Turanci

Idan gardama ta kaure a kan ma'anar wata kalmar Turanci, a aji ne ko a ofis, sai ka ji wani ya ce a ɗauko ƙamus na Oxford. Da an buɗe, magana ta ƙare. To amma wa ya faɗa wa ƙamus ɗin ma'anar? Amsar tana cikin tarihin wani malamin makaranta mai suna James Murray.

An haife shi ranar 7 ga Fabrairu, 1837, a ƙauyen Denholm da ke Sikotlan. Mahaifinsa tela ne. Yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta saboda babu kuɗin ci gaba, amma bai bar karatu ba. Shi da kansa ya riƙa koyon harsuna, tun daga Latin da Faransanci har zuwa wasu da dama. Yana shekara 17 ya fara koyarwa a garin Hawick, bayan shekara uku kuma ya zama shugaban wata makaranta a garin.

Daga nan jarrabawa ta zo. 'Yarsa ta fari ta rasu tana jaririya, matarsa Maggie ta kamu da tarin fuka. Ya kai ta Landan ko canjin iska zai taimaka, ya kama aikin akawu a banki, amma a 1865 ita ma ta rasu. A 1867 ya auri Ada Ruthven, wadda suka haifi 'ya'ya 11 da ita, sannan a 1870 ya koma koyarwa a makarantar Mill Hill.

Tun 1857 wata ƙungiyar masana harshe ta Landan take da burin yin ƙamus da zai bi tarihin kowace kalmar Turanci, amma aikin ya yi ta tafiyar hawainiya. A 1879 aka damƙa wa Murray ragamarsa, bisa yarjejeniya da maɗaba'ar Jami'ar Oxford. Lissafin da aka yi shi ne shekara 10, kundi huɗu. Abin da ya gada kuwa buhunan takardu ne da aka tara a baya, wasu sun ruɓe, wani ma ɓeraye sun yi gida a ciki.

Tsarin da aikin ya tsaya a kai mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar yi. Ba a zama a ƙirƙiro wa kalma ma'ana. Sai an nemo inda aka fara rubuta ta, a bi ta ƙarni bayan ƙarni, a ga yadda mutane suka yi amfani da ita. Don haka Murray ya yi kira ga masu karatu a Ingila, Amurka da sauran wurare: duk wanda ya ci karo da kalma a littafi, ya rubuta ta a 'yar takarda tare da jimlar da ta fito ciki, sunan littafin, shafi da shekara, ya aiko. Ya gina rumfar kwano a harabar gidansa, mai ɗauke da akwatuna 1,029 na jera takardun. 'Ya'yansa ma sun sha aikin jerawa daga A zuwa Z, ana ba su 'yan kwabbai.

Wannan hanya ce ta nuna cewa ma'ana tafiya take yi. Kalmar nice, wadda yau ake yabon mutum da ita, a da tana nufin wawa, don asalinta kalmar Latin ce mai nufin wanda bai sani ba. Kalmar silly kuwa akasin haka ta bi: daga mai albarka ta gangaro zuwa sakarai. Ita kuma meat, kowane irin abinci take nufi kafin ta tsaya a kan nama.

Wani abin da ya ba shi wahala shi ne masu aiko da takardu sun fi son kalmomi masu wuya. Ya tarar da misalai kusan 50 na kalmar abusion da ba kowa ya san ta ba, amma na abuse da ake faɗa kullum ko biyar ba su kai ba. Ashe kalmar da kowa ya raina ita ce ta fi wuyar fassara.

Cikin waɗanda suka fi taimaka masa akwai William Minor, tsohon likitan sojan Amurka, wanda ke tsare a asibitin masu taɓin hankali na Broadmoor bayan ya harbe wani mutum a Landan a 1872. Daga ɗakinsa ya aiko da dubban misalai, Murray kuma ya riƙa kai masa ziyara.

Bayan shekara biyar ana aiki, a 1884, kashi na farko ya fito mai shafi 352, kuma daga A zuwa Ant kawai ya kai. Ka ji fa, ko harafin farko ba a gama ba! A 1885 Murray ya ajiye koyarwa ya koma Oxford da iyalinsa. Wasiƙun da yake aikawa sun yi yawan da sai da gidan waya ya kafa akwati a ƙofar gidansa. An ƙara masa editoci uku daga baya, kuma a 1908 aka ba shi lambar girma ta Sir.

Ya so ya ga ƙarshen aikin, amma hakan bai yiwu ba. Ya mutu ranar 26 ga Yuli, 1915, yana da shekara 78, yana tsakiyar harafin T. Sai a 1928 aka kammala ƙamus ɗin a kundi 10, da kalmomi sama da 400,000, kusan rabinsu kuma ta hannunsa suka bi.

Ga ɗalibin da Turanci ke ba wahala, akwai abin ɗauka a nan. Haddace jerin kalmomi da ma'anarsu kaɗai ba ya isa. Ka ga kalma a cikin jimla, ka rubuta jimlar a littafinka, ka jira ka sake haɗuwa da ita a wani wuri ka gwada. Da irin waɗannan 'yan takardun aka haɗa ƙamus ɗin da ake raba gardama da shi yau.