Louis Ducos du Hauron: Mutumin da ya sa wa hoto launi

Duk wanda ya shiga shagon mai hoto a Tahaggart ranar Sallah, rawaninsa ya fito shuɗi yadda yake, to yana cin gajiyar wahalar wani Bafaranshe ne da ya zauna shekara 12 a Aljas, babban birnin ƙasar nan.

An haifi Louis Ducos du Hauron ranar 8 ga Disamba, 1837 a garin Langon na Faransa. A zamanin ƙuruciyarsa hoto ba ya da launi. Mai so sai a shafa masa fenti da hannu. Shi kuwa ya gano cewa launuka uku sun isa a haɗa sauran duka. Sai ya riƙa ɗaukar abu ɗaya sau uku: ta cikin gilashi kore, da mai ruwan goro, da shunayya. Daga nan ya buga kowanne a kan siririn falle, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, ɗaya rawaya, ya ɗora su kan juna daidai wa daida. Kuskure kaɗan wajen ɗorawar, aikin ya lalace.

Ya yi rajistar dabarar a 1868. Abin mamaki, ranar 7 ga Mayu, 1869 da aka gabatar da ita ga ƙungiyar masu hoto ta Faransa, an gabatar da irinta daga wani marubucin waƙa, Charles Cros, alhali ba su san juna ba. Hoton garin Agen da Ducos ya ɗauka a 1877 yana nan har yau.

Sai dai aikin na da tsada da cin lokaci, don haka bai kawo masa kuɗi ba. Yayansa Alcide ne ya riƙe shi, kuma shi ya biyo zuwa Aljas a 1884. Yana can a 1891 ya yi rajistar hoton nan mai launi biyu da ake kallo da tabarau, ido ɗaya ja, ɗaya shuɗi, sai abu ya taso kamar a taɓa.

Ya koma Faransa a 1896. A 1907 'yan gidan Lumière suka fara sayar da Autochrome, gilashin hoto mai launi da ake iya haskawa a bango, wanda ya ɗoru kan tunanin da shi ya daɗe da rubutawa. Su suka ci kasuwa. Shi kuwa lambar girma ya samu a 1912, da ɗan fansho daga gwamnati. Ya rasu cikin talauci a Agen ranar 31 ga Agusta, 1920, yana da shekara 82.