Mariya Montessori, Likitar da ta Koma Malama

Ina da ƙane a gida, shekararsa tara, har yanzu bai iya bambanta b da d ba. Daƙiƙi ake ce masa a ajinsu, bulala kuwa ya sha ta har ya gode Allah. Shi ya sa da na ci karo da tarihin wannan mata a laburarenmu, na ce lalle in rubuta shi don iyayenmu su gani.

An haifi Mariya Montessori a ƙasar Italiya cikin 1870. A zamanin nan da wuya a ga mace tana karatun likita, amma ta nace har ta gama a Jami'ar Rum cikin 1896. Aiki ya kai ta gidan da ake tsare masu taɓin hankali. Nan ta iske yaran da kansu ba ya ɗaukar karatu da wuri, an zuba su a ɗaki fayau, ko abin wasa babu. In sun gama cin abinci sai su bi ƙasa suna tsintar ɓarɓashin burodi. Mai tsaronsu ta ɗauka haɗama ce. Mariya kuwa ta lura hannuwansu ne ke neman abin taɓawa.

Sai ta duƙufa kan littattafan wasu likitocin Faransa biyu, Itard da Seguin. Cikin 1900 aka ba ta shugabancin wata makaranta ta irin waɗannan yara, ita da wani likita. Ta sa aka sassaƙa haruffa na katako, yaro ya riƙa bin su da yatsa har hannunsa ya saba. Ba da daɗewa ba wasunsu suka zauna jarrabawar gwamnati tare da sauran yara, suka ci. Mutane na ta mamaki. Ita abin da ya dame ta daban ne: wace irin koyarwa ake yi wa sauran, har nata suka kamo su? Cikin 1907 ta buɗe Gidan Yara a wata unguwar talakawa ta Rum, inda ta yi haruffa da takarda mai kaushi, irin wadda kafintoci ke goge katako da ita. Daga baya ta saɓa da gwamnatin Mussolini, aka rufe makarantunta na Italiya. Ta rasu a Holan cikin 1952.

Hutun da ya wuce na roƙi irin takardar nan wajen kafintan unguwarmu, na yanka wa ƙanena haruffa goma. Kafin in dawo makaranta ya riƙe shida. Harafin d ne har yanzu yake ba shi wahala.